Tafintan Mai Agogo

Kwanan baya jikata ta raka ni asibitin unguwarmu a nan Longsight ta Manchester, saboda ƙafar nan da ta sa ni gaba. Ina cikin yi wa likita bayani da Turancin da na ci abinci da shi shekara talatin da ɗoriya, sai likitar, wata yarinya, ta ce wai ba ta kama lafazina sosai, ta danna waya ta kira tafinta. Ni za a kira wa tafinta! Wata murya ta fito daga cikin wayar, ta wani mutum da ban san a wace ƙasa yake zaune ba, ya ce, “Baba, me ke damunka?” Na ce a raina bari in gwada shi. Na faɗa masa yadda ciwon ke tasowa daga diddige idan sanyi ya sauko, ya bi ƙwauri ya tsaya a gwiwa, da yadda ya hana ni sujada sai a kan kujera, da yadda yake lafawa idan na gasa wurin. Mutumin ya saurara tsaf, ya juya harshe ya ce da likita ƙafata ke ciwo. Shi ke nan abin da ya faɗa. Jikata ta yi ta dariya har muka fito titi. Ni ban yi dariya ba, raina ɓaci ya yi, domin na san irin wannan aiki, na taɓa yin sa, kuma nawa ya fi nasa muni nesa ba kusa ba.

A zamaninmu tafinta mutum ne da ake gani da ido, yana tsaye tsakanin teburin joji da akwatin mai laifi, fararen kayansa sun sha sitaci har suna ƙara idan ya motsa. Ni da kaina nake dafa sitacin rogo, in hura gawayi a dutsen guga tun da asuba, in goge wandon har karinsa ya tsaya cak. Kotun tamu tana wani gari a bakin layin dogo. Rufin kwano ne, idan rana ta take sai ka ji yana ƙas-ƙas a samanka. Akwai fankar zane da wani fursuna ke ja da igiya daga waje, tana kai da komo tana kuka, ga ƙusoshin takalman 'yan sanda a kan siminti, ga tafiretar magatakarda daga ɗaki na gaba. Idan jirgin ƙasa ya zo wucewa kowa ya yi shiru har ya shige, ko da kuwa ana tsakiyar yanke hukunci ne. Yanzu jikokina suna riƙe da waya, su yi mata Turanci ta mayar musu da wata irin Hausa mai kama da tuwon da bai nuna ba, su ce wai an huta da tafinta. Nakan ƙyale su, don ba su san nauyin tsayawa a tsakanin bakin mutum da kunnen mai ikon kashe shi ba.

Jojin da na yi wa aiki Bature ne dogo, marar fara'a, wanda mutanen gari suka sa wa suna Mai Agogo. Tun yana saurayi ya zo ƙasarmu a matsayin ƙaramin di'o, wato jami'in mulkin gunduma, ya yi rangadi ƙauye-ƙauye yana ƙidayar kawunan mutane da na shanu. Daga baya ya koma gida ya karanta shari'a, ya dawo aka ba shi kujera a majalisa, cikin Turawan da ke zama da wakilanmu ana tsara dokoki. An ce a can ma ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Da aka fara ƙishin-ƙishin mulkin kai, kujerun Turawa a majalisa suka soma raguwa, sai aka naɗa shi joji aka turo mana shi. Kullum idan ya zauna zai kwance agogon hannunsa ya ajiye a kan tebur, fuskar agogon na kallon mai magana. Bai taɓa furta kalmar Hausa ko ɗaya a gabanmu ba. Ko kukunsa ne ya ce masa sannu, sai ya waiwayo ya dubi tafinta. Ba ya cin hanci, wannan kam kowa ya shaida, har ya taɓa ɗaure masinjansa wata uku saboda kaza guda da wani ya kawo masa. Don haka muke ce masa adali, muna tsoronsa kuma muna alfahari da shi. Wata tsohuwa ta taɓa fashewa da kuka ana karanta wa ɗanta hukunci, ya sa aka fitar da ita aka tsayar a rana har aka tashi, mu kuwa muka ce ai tsari ne.

Kafin ni akwai wani dattijon tafinta, shi ya koya mini aikin. Yakan ce da ni, “Yaro, mutanenmu ba sa fara magana da kanta. Sai sun zaga sun zaga, abin da suke nufi yana can wajen wutsiya. Ka jira wutsiyar.” Shi kuwa komai juyawa yake, har da gaisuwa da addu'a. Idan mai ƙara ya ce Allah ya ja zamanin joji, sai dattijon ya mayar da ita Turanci ɗaya bayan ɗaya. Ran nan Mai Agogo ya ƙwanƙwasa gilashin agogonsa da farce, ya ce shi tafinta gwamnati ta ba shi, ba maroƙi ba. A gaban jama'a ya sallame shi, saura 'yan watanni ya kai fansho. Dattijon ya ɗauki hularsa ya fita, ni kuma aka ce in matso in tsaya a wurinsa. Na matso da saurina. Ban je gidansa na yi masa jaje ba, ko sau ɗaya. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina ganin Turancina ya fi nasa, kuma na gane abin da Bature ke so: mutum ya yi zance goma, ka miƙa masa ɗaya.

Na kusa shekara biyu ina wannan yankan, ana yaba mini, sai aka kawo wani mai haƙar rijiya. Ana tuhumarsa da kashe ƙanensa. Sun je yasar wata tsohuwar rijiya, ƙanen ya sauka, shi yana sama riƙe da igiya, igiyar ta tsinke, yaron ya faɗa ƙasa kansa ya bugi dutse. Abin da ya ɓata lamarin shi ne, mako guda kafin nan an ji su suna cacar baki a kan gonar gado, wasu maƙwabta biyu suka zo suka shaida haka. Wani ɗan sanda kuma ya ce shi a ganinsa bakin igiyar ya yi kama da yankan wuƙa. Lauyan da aka ba mutumin daga kudu ya zo, ba ya jin Hausa ko ta sayen gyaɗa. Shi kuwa mai rijiyar tun da aka shigo da shi bai ɗaga kai ba. Ƙato ne, tafin hannunsa duk kanta, amma ya zube kamar buhun da aka zazzage.

Aka ce ya yi magana. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na kashe shi. Ya ce mini, Yaya, igiyar nan ta tsufa, mu bari sai ran kasuwa mu sayi sabuwa. Na ce kai dai ragwanci ne, sauka. Tsohuwarmu da za ta rasu ni ta bar wa amanarsa. Da hannuna nake riƙe da igiyar, ina ji ta tafi. Ni na kashe shi, ba kowa ba.”

Duk wanda ya sha nonon Hausa ya san abin da wannan magana ke nufi. Haka uwa ke cewa idan ta aiki ɗanta mota ta buge shi. Baƙin ciki ne ke magana, mutum yana ɗora wa kansa abin da Allah ya ƙaddara. Na sani sarai, ba ni da wani uzuri na rashin fahimta. Amma yana cikin maganar na ga farcen Mai Agogo ya sauka a kan gilashi, ƙwas, ƙwas. Na tuna dattijo da hularsa. Sai na buɗe baki na ce da Turanci, mutumin ya ce shi ya kashe shi, da hannunsa, shi kaɗai ba kowa ba. Joji ya ɗaga alƙalami ya dube ni na ɗan lokaci. Na yi shiru. Ya sunkuya ya rubuta a babban littafinsa, aka miƙo mini na sa hannu a ƙasa cewa abin da aka faɗa ke nan.

Washegari aka yanke masa hukuncin rataya. Hukuncin kisa dole ne a juya shi duka, kalma bayan kalma, don haka wannan kam ban taƙaita ba. Na gaya masa za a mayar da shi inda aka ɗauko shi, daga nan a kai shi inda za a rataye shi ta wuya har ya mutu. Ya saurara kamar ana ba shi labarin wani. Da 'yan sanda suka kama hannunsa sai ya juyo, karon farko ya dube ni ido cikin ido, ya ce, “Malam, ka dai gaya masa zancen igiyar ko?” Na ce, “Na gaya masa.” Ya ce, “To, madalla.” Aka fita da shi. Na koma gida na ci tuwo, na wanke fararen kayana na shanya.

Bayan an sauke tutar Turawa Mai Agogo ya tattara ya koma ƙasarsu. Ya bar mini takardar shaida mai kyau, ya rubuta cewa bai taɓa aiki da tafinta mai tsimin lokaci kamata ba. Da takardar nan na zama magatakardan kotu, na yi gida, na sa 'ya'yana a makaranta har babbar ta zama likita. Labari ya riƙa iso mana jefi-jefi cewa ya shiga siyasar garinsu, ya zama kansila, yana shugabantar kwamitoci. Ni kuwa mai rijiya bai bar ni ba. Na yi sadaka, na yi azumi, na je Makka na faɗa a can. Abin da na riƙe a raina duk tsawon shekarun nan shi ne laifin nawa ne ni kaɗai. Bature adali ne, kurma ne a Hausa, abin da na zuba masa a kunne da shi ya yi hukunci. Har tausayinsa nake ji, ina ganin na sa mutumin kirki ya zubar da jini bai sani ba.

Da uwar 'ya'yana ta rasu, 'yata ta ɗauko ni ta kawo ni Manchester, ta ajiye ni a ɗakin ƙasa na wani gida mai manne da na maƙwabta, inda kana jin tarin mutumin da ba ka taɓa gaisawa da shi ba. Na saba a hankali. Masallaci na kusa, mahauta na kusa, bas na bin babban titi ba dare ba rana. Ina 'yan shekaru da zuwa, wata ƙawar 'yata ta kawo mana ziyara. 'Yar Filato ce, Kirista, tare suka yi makaranta, tana aikin kula da tsofaffi. Muna cin abinci ta ce, “Baba, ka san wani abin mamaki? Na yi shift biyu a wani care home, gidan kula da tsofaffi, a Birmingham, akwai wani tsohon Bature da stroke ya kama, ɓarin jikinsa ya shanye, Turancin ya tafi gaba ɗaya, Hausa kawai ke fita bakinsa. Su duk sun ɗauka ruɗewa ce. Na gaya wa manager, ta ce za su duba, ni kuma agency ɗin da ke tura ni aiki suka canja mini wuri.” Na tambaye ta sunansa don hira kawai. Da ta faɗa, lomar da ke hannuna ta koma kwano. Na ce ba zai yiwu ba, mutumin nan ko sannu bai sani ba. Amma tun daga lokacin tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: idan yana jin Hausa, to ya ji abin da mai rijiya ya ce ke nan?

Na dami 'yata har ta ɗauki hutun rana guda ta tuƙa ni. Ta sauke ni a ƙofar gidan, ta ce, “Baba, zan leƙa jami'ar Aston in kai wa jikanka kaya, in an jima zan dawo in ɗauke ka. Don Allah kada ka gajiyar da kanka.” Wata nas mai fara'a ta tarbe ni. Da na ce mata ni tsohon tafintan kotu ne kuma na yi aiki da shi, sai ta yi murna ƙwarai. Ta ce dama suna neman wanda zai tabbatar musu ko yare ne yake yi ko kuwa ciwon ne, kafin su nemi a turo musu tafinta. Ta ce yana fahimtar duk abin da aka faɗa masa da Turanci, mayarwa ce ba ya iyawa, hannun rubutun kuma ya shanye. Ta kai ni ɗakin ta bar mu.

Yana zaune a kujera kusa da taga, an rufa masa bargo a gwiwa, ɓarin bakinsa ya karkace, miyau na bin haɓarsa. Mutumin da gari guda ke tsoro ya koma kamar kazar da aka fige. Duk da haka, wallahi, gwiwoyina sai da suka fara lanƙwashewa don gaisuwa kafin in tsayar da su. Ya ƙura mini ido, can ya ce, “Tafinta. Sannu da zuwa. Ina gajiya?” Hausa ce tsantsa irin ta mutanen da, ko ni na daɗe ban ji irinta ba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ashe kana jin Hausa?”

Ya ce, “Tun kana goye. Ba a yi wa di'o ƙarin girma sai ya ci jarrabawar Hausa. Na ci ƙarama, na ci babba.”

“To me ya sa ba ka taɓa yi ba?”

“Idan mutane sun san kana ji, sai su daina magana a gabanka.”

Na ja kujera na zauna. Na ce masa akwai wani mai haƙar rijiya. Ban kai ga ƙarasawa ba ya karɓe. Ya ce, “Igiya ta tsufa. Ƙanen ya ce a bari sai ran kasuwa. Tsohuwarsu ta bar masa amana.” Ya jero su tsaf, bai bar ko ɗaya ba. Na ce, “Ka ji ke nan. Ka ji, ka rataye shi.” Ya ce, “Na ɗaga alƙalami na jira ka. Kai ka yi shiru. A doka, abin da tafinta ya faɗa shi ne magana. Don haka muke ajiye ku. Hannun wa ke ƙasan takardar?” Na ce da ka tambaye ni sau ɗaya da na faɗa. Ya motsa kafaɗarsa mai rai ya ce, “A ranar akwai shari'a huɗu a bayan tasa, jirgin da zai kai ni hutu kuma saura kwana biyu ya tashi.” Babu nadama a muryarsa ko ta anini. Shekara arba'in da wani abu ina tausayin mutumin nan, ina roƙa wa kaina gafarar yaudararsa, ashe yana zaune yana kallona ina yanka maganar, ya ga ta yi masa daidai. Ban taɓa tsanar ɗan Adam kamar yadda na tsane shi a wannan lokaci ba.

Shi kuwa ya riga ya wuce zancen, ta kansa yake yi. Ya kamo hannun rigata da hannunsa mai lafiya, ya ce, “Tafinta, Allah ne ya kawo ka. Ka gaya musu ba hauka nake ba, magana nake. Wata bakwai ba wanda ya amsa mini. Ƙugun nan yana ci na kamar wuta, in na faɗa sai su ba ni maganin barci. Ka ce su kira ɗana. Ka ce su kawo mai jin Hausa, ko sau ɗaya a mako.” Hawaye na zuba ta idonsa ɗaya. Har ya ce mini don Allah, shi da bai taɓa roƙon kowa ba.

Nas ɗin ta turo ƙofa da shayi a faranti. Ta ce ta jiyo mu muna ta hira, yare ne ko? Me yake cewa? Mai Agogo ya sake rigata, ya gyara zama, ya dube ni yadda yake dubana a kotu idan yana jiran in juya magana. Na miƙe tsaye, na haɗa ƙafafuna, na ce da ita cikin Turancina mafi kyau, a hankali yadda shi ma zai ji kowace kalma: na saurare shi da kyau, akwai 'yan kalmomi da suka yi kama da Hausa, amma ba su haɗu sun ba da ma'ana ba. Surutu ne kawai irin na ciwo. Kada su wahalar da kansu neman tafinta. Ta ce kaico, dama haka likitansu ya zata, ta rubuta a takardar da ke rataye a gadonsa. Ya fara ihu, yana kirana, yana rantsuwa da Hausa mai kyau, ita kuma tana shafa masa kafaɗa tana ce masa ya kwantar da hankali. Na sha shayina rabi na fito. Har ƙarshen baranda ina jin sa yana cewa, “Tafinta! Ƙarasa! Ƙarasa!”

A mota 'yata ta ce, “Baba, shi ne kuwa?” Na ce shi ne. Ta ce, “Hausar yake yi da gaske?” Na ce mata tsufa ne kawai. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, har muka wuce rabin hanya ina jin sa a ƙirjina kamar na sha ruwan sanyi. Kafin mu shigo Manchester daɗin ya gushe, bai kuma dawo ba. Ina da lambar wayar gidan a aljihuna, kullum ina cewa gobe zan kira in gyara, har ƙawar 'yata ta zo da labarin cewa ya mutu bayan wata biyar, ba wanda ya sake amsa masa. Mai rijiya bai amfana da komai ba, yana inda yake. Na je Birmingham ne in sauke mutum ɗaya daga wuyana, na dawo da biyu, kuma na biyun ba tsoro ne ya sa ni ba.